Ajiya Mai Cin Kayanta

Hausawa sun ce ajiya maganin wata rana, kuma ban taɓa jin wanda ya musa ba. A gidajenmu na cikin birnin Kano, ajiya tarbiyya ce da ake sha tun a nono: a ajiye hatsi don damina, a ajiye zani don biki, wasu tsofaffin har likkafani sukan ajiye don ranar da babu makawa. Abin da karin maganar ba ta faɗa ba shi ne ajiya suna ta tara, kuma akwai wadda takan juyo ta cinye abin da aka ba ta amana. Ɓarnar sakaci kowa ya santa. Gara ta ci littafi, ɓera ya ci tufa, a ɗora laifi a kan mai kaya, a wuce wurin. Ɓarnar da nake son yin magana a kanta ta fi wannan ciwo, domin daga hannun mai ƙauna take fitowa, kuma ba a farga da ita sai ta gama aiki. A shekarar 2023 na ga irinta sau biyu a gidanmu da ke Yakasai: sau ɗaya a jikin katin ɗan ƙwallo da bai kai tafin hannu ba, sau ɗaya a jikin takardar da ta riƙe iyakar gidanmu sama da shekara tamanin.

Zan fara da katin, domin shi ne baƙo a wurin yawancinmu. Muna yara mun san katunan da ke zuwa cikin cingam, masu hoton 'yan ƙwallo da jaruman finafinan Indiya. Mukan tara su a gwangwanin madara, mu yi musaya a zaure, mu yi ta juya su har su yi laushi kamar tsumma, daga nan iyayenmu mata su share su tare da bawon gyaɗa. A Amurka da Turai irin wannan wasan yara ya rikiɗe ya zama fatauci mai cin maƙudan kuɗi. A watan Fabrairun 2022 an sayar da wani katin Pele na 1958 a kan dala miliyan 1.33. A watan Agustan wannan shekarar kuma, katin Mickey Mantle, ɗan wasan besbol, wanda kamfanin Topps ya buga a 1952, ya kai dala miliyan 12.6 a wurin gwanjo. Duk inda kuɗi ya kai haka, dole a sami alƙali, sai aka sami kamfanonin tantance kati. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne PSA, da aka kafa a Kalifoniya a 1991.

Ga yadda abin yake. Mai kati zai aika da shi, masu tantancewa su duba shi a ƙarƙashin fitila da gilashin ƙara girma. Abubuwa huɗu suke kallo: kaifin kusurwoyi, lafiyar gefe, tsabtar fuska, da daidaituwar hoton a tsakiyar katin. Sai su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rubuta makin da lambar shaida a wata 'yar takarda, su haɗa ta da katin a cikin kwanson roba mai tauri, garai-garai kamar gilashi, su liƙe bakinsa da na'ura yadda ba ya buɗuwa sai an fasa. Daga ranar nan mai kati ya yi sallama da taɓa katinsa. Tazarar maki ɗaya kan ninka farashi, saboda haka abin da ake ciniki a kasuwa shi ne hukuncin da ke rubuce a saman kwanson, katin kuwa yana ciki ne a matsayin hujja. Wanda ya fasa kwanso ya rushe hukunci, sai dai ya sake aikawa, ya sake biya, ya jira abin da za a yanke a karo na biyu.

Ƙanena ne ya shigo da wannan duniyar gidanmu. Yana karatu a Ingila, yana aikin dare a wata ma'ajiyar kaya don ya riƙe kansa. Daga Yakasai zuwa filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata tafiyar ƙafa ce, ranar da Masu Gida ke wasa har tsakar gida mukan jiyo sowar 'yan kallo. A can ya fara ganin Ahmed Musa, a kakar 2009 zuwa 2010 da ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18. Ranar 22 ga Yunin 2018 da Musa ya zura wa Aisland ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya, yaron nan sai da muryarsa ta dishe. Don haka da ya ga katin Musa cikin rigar Super Eagles, irin wanda ba a buga da yawa ba, a cikin kwanso, da maki 9, bai yi wata-wata ba ya zuba ladan darare da dama ya saya. Ya zo da shi gida da Babbar Sallar 2021. Da zai koma sai ya bar wa Umma, ya ce a ɗakinsa na haya ba shi da wurin ajiya, kuma ai a rufe yake, babu abin da zai same shi. Umma ta ba katin wuri mafi daraja a ɗakinta, cikin kabad mai gilashi inda take jera tangaran, daura da taga.

Shekara biyu katin ya yi a nan. Wanda ya san Kano ya san abin da shekara biyu take nufi. A bazara zafi kan kai digiri 40, ɗaki ya zama kamar tanda. A watan Agusta danshi ya cika ko'ina, gishiri ya jiƙe a kwano, ƙofar katako ta ƙi rufuwa. Da hunturu iska ta bushe ƙayau, leɓe ya tsage, ƙura mai laushi kamar gari ta bi ta kowace kafa. Takarda kuwa tana numfashi da yanayi, takan kumbura da danshi, ta tsuke da bushewa. Shi kuma kwanson an yi shi ne don ya tsare kati daga yatsu da lanƙwasa da hannun mai algus, bai toshe iska da laima ɗungurungum ba. Laima takan sami hanyar shiga a hankali, fitarta ce ke wuya.

Da ƙanena ya dawo a 2023, ya ɗauko katin ya kai shi bakin ƙofa inda haske yake. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya miƙo mini. “Yaya, duba nan.” Daga ciki robar ta yi hazo a kusurwar ƙasa, ga ɗigon fumfuna kamar ƙwayar gero a gefen katin. Koren rigar ya koɗe ta ɓangaren da ke fuskantar taga. Katin ya ɗan lanƙwashe, ya goga da bangon kwanson har fari ya fito a bakinsa. Daga waje kuma fuskar robar ta cika da ƙananan zane-zane. Umma ta ce, cikin damuwa, “Ai ban bar shi da ƙura ba ko da rana ɗaya, kullum sai na goge shi.” Gaskiya ta faɗa, kuma gugar ce ta karce shi, domin ƙurar hunturu yashi ce mai laushi, tsumma ya yi ta jan ta a kan roba. A sama kuwa, 'yar takardar nan tana nan tsaf, da lambarta 9, kamar babu abin da ya faru.

Wannan lambar ce ta tsaya mini a rai. Ba ƙarya take yi ba, gaskiyar wata rana take faɗa, ranar da ta riga ta wuce. An yanke hukunci an rufe, amma abin da aka yi wa hukuncin bai daina tsufa ba. Ƙanena ya shiga tsaka mai wuya. In ya fasa don ya ceci katin daga fumfuna, makin ya tafi, da shi da yawancin kuɗin. In ya bari, zai zauna yana kallon abinsa yana lalacewa ta bayan roba, hannunsa bai isa ba. Masu wannan sana'a ma sun san kwanso bai ba da tabbacin abin da ke cikinsa ba. Katin da PSA ya fara tantancewa, mai lamba ta ɗaya, na Honus Wagner ne, daga jerin da wani kamfanin taba ya fitar tsakanin 1909 da 1911, aka ba shi maki 8. A 2013 dillalin da katin ya taɓa bi ta hannunsa, Bill Mastro, ya amsa a gaban kotu cewa ya datse gefen katin don ya ƙara kyau tun kafin a rufe shi. Shekara ashirin da biyu roba tana tsare da aibin kamar yadda take tsare da katin.

Da abin ya tsaya a kan kati, da na ɗauke shi asarar saurayi, wadda lokaci kan share. Amma a cikin wannan shekarar sai aka buɗe adakar Malam, kakanmu na wajen uba. Malam almajiri ne, ɗan almajirai, kuma ya bar littattafai na rubutun hannu: Alƙur'ani, Risala, Ishiriniya da wasu ƙanana. Mafi tsufa a cikinsu daga mahaifinsa ya gada. In ka ɗaga warƙarsu ga haske za ka ga tambarin jinjirin wata guda uku a cikin jikin takardar. Takardar Italiya ce da fatake ke ƙetaro Sahara da ita ta Tarabulus, kuma Heinrich Barth ya ambace ta cikin kayan da ya tarar ana ciniki a Kano a 1851. Littattafan ba ɗinkakku ba ne. Warƙoƙi ne a sake, a ƙasan kowace an rubuta kalmar farko ta wadda ke biye, don in sun tarwatse a iya jera su. Ana haɗa su tsakanin tadarishi, a ɗaure da igiyar fata, a saka a gafaka, irin wadda har yau ake samu a Kasuwar Kurmi.

A cikin adakar akwai takarda guda da ta fi kowace muhimmanci a wajen magada: takardar sayen gidanmu. Da Larabci aka rubuta ta, da hatimin alƙali, a shekarar 1360 ta Hijira, wato 1941, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Ta ambaci mai sayarwa da mai saye da kuɗin da shaidu, sannan ta zayyana iyakoki huɗu, gabas da yamma, kudu da arewa. Bayan rasuwar Malam, Baffa, wanda amanar adakar ta koma hannunsa, ya ga takardar ta fara tsagewa a kan ninki. Lokacin ne shagunan fotokwafi suka cika gari, kowa na kai takardar shaidar makaranta da ta haihuwa a yi musu laminetin. Baffa ya kai tata aka yi, ya dawo da ita tana ƙyalli, da tauri kamar faranti. Na tuna yadda ya nuna wa iyayenmu ita, yana cewa yanzu ko jikokin jikoki sun huta. Babu wanda bai sa masa albarka ba.

Daminar 2022 ta zo da ruwa mai yawa. Indararon ɗakin Malam ya toshe, rufin ya yi yoyo, ruwa ya bi bango ya jiƙa gindin adaka. Washegari aka fito da komai. Gafakokin sun sha laima, gefen warƙoƙi ya yi sanyi, sai aka baza su ɗaya-ɗaya a kan tabarma cikin inuwar rumfa, aka danne da tsakuwa, kwana biyu suka bushe. Sun ɗan yamutse, wasu da zanen ruwa a baki, amma babu harafin da ya ɓata. Takardar gida kuwa ba ta ba kowa tsoro ba. An goge ledar da gefen riga, aka ga ta bushe, aka mai da ita ƙasan adaka. Abin da ba a lura da shi ba shi ne, ranar da aka manne ta, mai shago ya datse ledar daf da bakin takardar ta gefe ɗaya don ta yi kyan gani. Ta wannan bakin ruwa ya shiga, takardar ta tsotse shi kamar lagwani, leda ta sama da ta ƙasa suka hana shi fita. Tawadar mutanen da kuwa da ƙaro ake haɗa ta, ruwa na narkar da ita in ya daɗe a kai.

Ba a gano ba sai bayan wata takwas, da buƙatar takardar ta taso. Magadan maƙwabcinmu na arewa za su rushe ginin ƙasa su yi na bulo, aka shiga tambayar ko katangar da ke tsakani ta wa ce, da ɗan lungun da ruwan gidajen biyu ke bi. Maganar kamu biyu ce ko uku, amma a cikin birni kamu biyu na iya raba zumuncin shekara tamanin. Baffa ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa, akwai takarda. Da aka fito da ita a gaban mai unguwa, kashi ɗaya cikin uku ya zama baƙi-baƙi da ruwan toka, fumfuna ta yi reshe a ƙarƙashin leda. Iyakar gabas tana karantuwa, ta yamma ma haka, ta kudu da ƙyar. Layin iyakar arewa ya narke. Wani ya ce a ɓare ledar ko za a ga saura. Aka gwada ɗan kusurwa, sai fatar takardar ta biyo leda da haruffanta, domin gam ɗin da zafin na'ura ya narkar ya riga ya shige cikin zaren takardar. Aka tsaya. Baffa, dattijo mai shekara saba'in da wani abu, ya riƙe ta da hannu biyu yana duban ta, ya ce a hankali, “Garin neman gira.” Bai ƙarasa ba, kuma babu wanda ya ƙarasa masa.

Ba na ganin laifin Baffa, domin waɗanda suka fi shi sanin takarda sun faɗa wannan ramin kafin shi. A ƙarshen shekarun 1930 wani Ba'amurke mai gyaran takardu a Bajiniya, William Barrow, ya fito da hanyar manne tsofaffin takardu tsakanin siraran ledoji da zafi da matsi. Manyan ma'adanan tarihi na Amurka da wasu ƙasashe suka rungumi hanyar, suka manne takardu masu ɗimbin yawa cikin shekaru kusan arba'in. Daga baya ledar ta fara ruɓewa, tana fitar da warin tsami, tana yamutsa abin da ke ciki, aka koma kashe kuɗi ana ɓare abin da aka kashe kuɗi aka manne. Daga irin wannan darasi masu adana takardu suka riƙe ƙa'ida guda: kada a yi wa takarda abin da ba za a iya warwarewa ba. Yau in za su saka takarda a leda, sukan zura ta ne kawai, ba gam, ba zafi, yadda za a iya zaro ta duk ranar da aka so. Ko a Timbuktu, da mayaƙa suka kama garin a 2012, Abdel Kader Haidara da abokan aikinsa sun kwashe dubban ɗaruruwan littattafai cikin akwatunan ƙarfe, ta mota da ta kwale-kwale, zuwa Bamako. Sun tsira daga wuta, sai ga sabon abokin gaba: littattafan da suka yi ƙarnuka a busasshiyar iskar bakin hamada sun faɗa cikin danshin kudu, a rufe cikin ƙarfe. Sai da aka bi su da na'urorin tsotse laima da sababbin akwatunan kwali kafin hankali ya kwanta.

Mu a Yakasai ba ma buƙatar zuwa Bamako don wannan karatu, bangon gidajenmu ya isa. Magina na da sukan shafe ginin ƙasa da makuba, wadda ake samu daga kwanson ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina irin ta Ƙofar Mata da gashin jima da dafara. Wannan shafe yana kore ruwan sama, amma yana barin bango ya fitar da laimar da ya sha. Illarsa ɗaya, yana son a dinga sabunta shi, kafin damina a hau a duba, a toshe tsaga, a gyara indararo. Da siminti ya zo, mutane suka ga hanyar hutawa: a shafe bangon ƙasa da shi sau ɗaya, a manta. Duk wanda ya zaga lungunan birni bayan ruwan Agusta ya ga sakamakon. Laima takan hau daga tushe, ta rasa mafita, ta jiƙa tubali a ɓoye. Daga waje bango sumul, in ka ƙwanƙwasa ka ji shi fanko, wata rana simintin ya ɓalle falle guda, a tarar ƙasar da ke baya ta zama gari.

Kwanson roba da ledar laminetin da shafen siminti, duk alkawari ɗaya suke yi: biya sau ɗaya ka huta har abada. A nan ne nake ganin tushen ɓarnar. Kula da abu aiki ne mai maimaituwa, mai gajiyarwa, wanda ba a gode wa mai yin sa, domin in ya yi kyau babu abin da ke faruwa. Zuciya kuwa tana son ta gama da abu ta juya ga wani. Sai mu sayi rufi mai ƙyalli, kuma da yake muna hango abin ta cikinsa, mu ɗauka muna lura da shi. Umma tana ganin katin nan kullum, shekara biyu, amma robar take gani. Takardar gida ita ce kaɗai a adaka da ba a baza a inuwa ba, saboda ita ce kowa ya yarda ta tsira. Kariyar ta cire mana tsoro, tsoron nan kuwa shi ne yake sa a duba.

Ba ina cewa tsohuwar hanya ba ta da asara ba. Gafaka ba ta hana gara, ba ta hana gobara, kuma littattafan da suka salwanta a gidajen birni ta hanyar sakaci sun fi waɗanda leda ta ɓata nesa ba kusa ba. Shi ma kwanson roba yana da ranarsa: yana hana maiƙon yatsa, yana hana lanƙwasa, yana sa wanda ke Kano ya yi ciniki da wanda ke Landan ba tare da sun san juna ba. A ɗaki mai duhu, mai daidaiton yanayi, kati zai daɗe a cikinsa lafiya. Wuraren adana takardu irin su Arewa House a Kaduna da Gidan Ɗan Hausa a nan Kano suna da nasu amfanin, haka ma ɗaukar hoton rubuce-rubucen ajami da Jami'ar Boston ta yi tare da masana daga Kano. Bambancin da nake nunawa ƙarami ne amma a kansa komai ya rataya. Akwai rufin da ke barin ƙofa, akwai wanda ke toshe ta. Gafaka tana da igiya, igiya kuwa don a kwance aka yi ta. Mutanen da ba su taɓa zaton takarda za ta dawwama ba, shi ya sa suka bar warƙoƙi a sake. In ɗaya ta tsufa, almajiri ya zauna ya kwafe ta, a zura sabuwa a gurbinta, littafi ya ci gaba da rayuwa.

Wannan ɗabi'ar kwafi ce ta fitar da mu. Ana cikin jimami, wata gwaggonmu ta tuna Malam yana da al'adar rubuta al'amuran gida a warƙar ƙarshe ta Risalarsa. Aka kwance gafaka. Ga haihuwar 'ya'yansa da ranaku, ga rasuwar iyayensa, ga shekarar da ya yi aikin Hajji, a tsakiyarsu kuma ga sayen gida, da sunayen shaidu da iyakoki huɗu, ya kwafe su da hannunsa. Warƙar tana da zanen ruwan 2022 a gefe, amma tana karantuwa tas. Babu hatimin alƙali a kanta, saboda haka ba za ta tsaya a matsayin takardar asali ba, kuma mai unguwa ya faɗi haka a fili. Sai dai iyakoki ukun da suka rage a takardar da aka manne sun dace da nata kalma da kalma, kuma wata tsohuwa daga gidan maƙwabtan, da aka karanta mata na huɗun, ta ce haka ta ji daga bakin surukinta. Aka yi sulhu. Katanga ta zama tamu, lungun ruwa ya zama na tarayya, muka sassauta musu ɗan abin da zai ishe su aza tushe. Har yau muna kai wa juna tuwon sallah.

Ƙanena ya ga duk wannan kafin hutunsa ya ƙare. Ana jibi zai tafi ya aro filaya a wurin mai gyaran babur na bakin layi, ya zauna a zaure ya ɓalle kusurwar kwanson, ya zura bakin cokali ya raba shi biyu. Ya zaro katin, karo na farko da yatsunsa suka taɓa abin da ya saya, ya share fumfunar da auduga busasshiya, ya bar shi ya sha iska a inuwa. Koren da ya koɗe ba zai dawo ba, kuma a kasuwar masu maki katin ya zama ba a bakin komai ba. Ya saka shi a ambulan na takarda, ya ajiye 'yar lambar 9 daban, ya ce wa Umma in yaran gida sun so gani a ba su, su dai wanke hannu.

Adakar Malam kuma ta sami sabuwar doka, kuma Baffa ne ya kafa ta. An ɗaga ta daga ƙasa an ɗora a kan benci, nesa da bango. Duk shekara in ruwa ya ɗauke, kafin ƙurar hunturu ta sauka, akan fito da littattafan a baza a rumfa, a bi kalmomin ƙasan warƙa a tabbatar babu wadda ta ɓata, a kakkaɓe gafaka, a duba ko gara ta yi hanya. Baffa yakan sa ɗaya daga cikin jikoki ya karanta warƙar ƙarshe ta Risala da ƙarfi, har iyakokin nan huɗu, kuma ya sa an kwafe ta sau biyu da hannu, an ɗauki hotonta, an raba wa gidajen 'yan'uwa. Takardar asali tana nan a ledarta, an ware ta a ambulan don kada fumfunarta ta harbi saura. Ita kaɗai ce a cikin adakar ba mu da abin da za mu iya yi mata.